Wa Ke Riƙe da Mudun? Kuɗi, Jari-hujja da Tazarar Arziki a Idon Masana Al'adu

A watan Fabrairun 2023 mutanen Sakkwato, kamar sauran 'yan Nijeriya, sun ga abin da da yawansu ba su taɓa gani ba, wato ana sayen kuɗi da kuɗi. Mutum zai tsaya gaban mai POS a bakin kasuwa, a cire Naira dubu goma daga asusunsa, a miƙo masa dubu tara ko ƙasa da haka a hannu, ya kuma yi godiya, domin na bayansa a layi ba lallai ya samu ba. A Kara, mai ragon da ya taso daga ƙauye yakan ƙi karɓar taransifa ko da an yi masa tayi mai tsoka, ya gwammace ya karyar wa wanda ya zo da tsaba. Musabbabin wannan shi ne sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoban 2022 a zamanin Godwin Emefiele, inda aka janye tsofaffin kafin sababbin su wadata, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, sannan a watan Yuni aka saki Naira kasuwa ta yanka mata farashi. Dalar da ake samu a kan Naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024.

Bayanin da masana tattalin arziki suka yi ta yi a rediyo ya fi karkata ga yawan kuɗin da ke yawo, da kuɗin ruwa, da asusun ajiyar ƙasashen waje. Bayani ne mai amfani, sai dai bai amsa tambayar da ake yi a zaure da majalisar yamma ba, wato yaya aka yi takardar da jiya ta sayi mudu guda yau ta kasa sayen rabinsa alhali lambar da ke jikinta ba ta canza ba, kuma ina abin da ya ragu ya tafi? Akwai wani fannin ilimi da ya fi shekara ɗari yana bin diddigin irin wannan tambaya, kuma wani ɓangare na hujjojinsa daga ƙasar Hausa da maƙwabtanta aka samo shi.

Kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa

Fannin shi ne ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa. Masu wannan aiki sukan je su tare cikin jama'a shekara guda ko fiye, su koyi harshe, su zauna a kasuwa da gidan biki da wurin rabon gado, su rubuta abin da mutane ke yi da kuɗi da kuma abin da suke faɗa a kansu. Saboda haka sukan ga abin da alƙaluman banki ba sa nunawa, ko da yake su ma sukan yi kuskuren ɗaukar abin da suka gani a ƙauye ɗaya su shimfiɗa shi a kan duniya.

Littattafan makaranta sun ce kuɗi suna da aiki uku: abin saye da sayarwa, ma'aunin daraja, da ma'ajiyar dukiya. Masana al'adu ba su musanta wannan ba, amma sun ƙara da cewa kuɗi shaida ce ta wanda ke bin wani, kuma ƙarfinta ya dogara ga yardar jama'a da ikon hukumar da ta tsaya mata.

Jari-hujja kuwa ana yawan ɗaukarta a matsayin kasuwanci ko son riba, alhali fataken Hausa sun yi ƙarnoni suna kai kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da goro, suna cin riba, ba tare da wannan tsari ba. Abin da ake nufi da jari-hujja shi ne tsarin da gona da ƙarfin mutum da su kansu kuɗin suka zama haja mai farashi, mafi yawan jama'a ba su da hanyar ci sai sun sayar da ƙarfinsu, shi kuma mai jari dole ne ya riƙa mayar da riba cikin jari yana faɗaɗawa, in ba haka ba abokin gasarsa ya haɗiye shi. Tazarar arziki ita ma iri biyu ce, akwai wadda ke tsakanin mutanen ƙasa ɗaya, akwai wadda ke tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma ba kullum suke tafiya tare ba.

Ba ni gishiri in ba ka manda, ko kuwa bashi ne asali?

Labarin da ya fi yaɗuwa game da asalin kuɗi ya samu gindin zama ne tun daga masanin tattalin arziki Adam Smith a 1776. A wannan labari, mutanen farko suna musaya ne, ba ni gishiri in ba ka manda, sai wahala ta yi yawa domin mai gero da ke son takalmi ba lallai ya sami baduku mai son gero ba, daga nan aka yarda da wani abu guda da kowa zai karɓa. Masana al'adu sun yi ta neman al'ummar da rayuwarta ta yau da kullum ke tafiya a kan irin wannan musaya ba su samu ba, kamar yadda Caroline Humphrey ta Jami'ar Kambirij ta bayyana a 1985. Abin da suka tarar shi ne maƙwabta suna ba juna abu a kan a biya daga baya, kowa yana riƙe da lissafi a ransa, musayar hannu da hannu kuwa ta fi faruwa tsakanin baƙin da ba su da tabbacin sake haɗuwa, ko a wurin da kuɗi suka taɓa kasancewa suka ɓace. David Graeber ya faɗaɗa wannan hujja a 2011, inda ya nuna cewa a Mesofotamiya, ƙasar Iraƙi ta yau, ana rubuta bashi da ma'aunin azurfa da sha'ir dubban shekaru kafin a fara buga tsabar kuɗi. Bahaushen da ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba zai yi mamakin wannan ba, kuma abin da ya faru a 2023 ya ƙara masa ƙarfi, domin da tsaba ta ɓace masu shago da masu kayan miya littafin bashi suka buɗe wa waɗanda suka sani.

Masu ra'ayin kasuwa suna da amsa mai nauyi, kuma tarihinmu ya ba su hujja. Babu sarkin da ya ƙera kuɗin wuri ko ya buga masa hatimi, 'yan kasuwa ne suka yaɗa shi har ya zama abin da kowa ke karɓa. Keith Hart ya yi ƙoƙarin sasanta ɓangarorin biyu a 1986 da misalin kwabo, wanda a fuska ɗaya yake ɗauke da kan sarki ko tambarin hukuma, a ɗaya fuskar kuma lambar da kasuwa ke aiki da ita. A ganinsa duk bayanin da ya dubi fuska ɗaya ya bar ɗayar ragagge ne.

Sakkwato ta sha ganin sauyin kuɗi

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce a asali. Wurin da aka yi ciniki da shi a Daular Usmaniyya daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya aka fi kawo shi, kuma jiragen Turawa sun yi ta jibge shi a gaɓar Afirka ta Yamma suna sayen bayi da shi. Ana ƙirga shi da hannu a ƙasa, zambar ashirin ita ce keso guda. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma iso Sakkwato a 1853, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya a Kano. Daga tsakiyar wannan ƙarni 'yan kasuwar Hambog na Jamus suka fara kwaso wani irin wuri mai araha daga wajen Zanzibar, suka cika kasuwannin gaɓar teku da shi, darajar wuri ta yi ta zubewa har ta kai ga kuɗin ɗaukarsa zuwa nesa ya kusa cinye shi. Ke nan manomin Wurno ko na Gwadabawa na wancan zamani ya ɗanɗana hauhawar farashin da aka ƙulla a wata nahiya, a hannun mutanen da bai taɓa jin sunansu ba. Nauyin wuri ya sa manyan ciniki da kyautar sarakuna sukan tafi da dawaki da riguna da bayi, wato an mayar da ɗan Adam babbar takardar kuɗi, kuma wannan ɓangare ne na tarihin daular da bai kamata a tsallake shi ba.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun hana shigo da wuri, suka kawo tsabarsu, sannan a 1912 suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma wadda ajiyarta ke Landan. Abin da ya tilasta wa jama'a karɓar sabon kuɗin shi ne haraji da jangali, waɗanda a hankali aka daina karɓarsu da hatsi ko wuri. Magidancin da rumbunsa ke cike amma ba shi da sule ya zama mai laifi a gaban hakimi, don haka dole ya noma auduga ko gyaɗa, ko ya sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, ko ya tafi cin rani. A farkon shekarun 1950 wani masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya ƙirga dubun-dubatar maza da ke fita daga Lardin Sakkwato da rani zuwa kudu da ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Masu nazarin mulkin mallaka suna kafa hujja da wannan cewa haraji ne ya ƙirƙiro wa kuɗin Bature kasuwa, ya kuma samar wa gonakin koko da ma'adinai 'yan ƙwadago. Abin lura a nan shi ne tun kafin zuwan Turawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi kan jangali da kuɗin gari da gaisuwa, saboda haka rigimar wa ke da ikon ɗora wa talaka biya ta girmi mulkin mallaka a wannan ƙasa.

Harshe ya adana sawun duk waɗannan sauye-sauye. Har gobe ana cewa ba shi da ko anini, ko sisin kwabo, kuma dattawa suna kiran Naira 200 jaka guda, domin jakar fam ɗari ce ta zama hakan da aka shigo da Naira a 1973 a kan Naira biyu fam ɗaya. A 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta sauya launin takardu cikin ɗan gajeren wa'adi tare da rufe iyakoki. A kowane karo wanda ke kusa da hukuma da banki ya riga kowa canzawa, makiyayi da matar kulle da mazaunin ƙauye mai nisa su ne na ƙarshe.

Naira ɗaya, ma'ana da yawa

A farkon shekarun 1950 Paul Bohannan ya zauna cikin Tibi a kwarin Binuwai, ya bayyana cewa kafin kuɗin Bature dukiyarsu hawa uku ce. Abinci da kaji da kayan aikin gida suna musaya a tsakaninsu, shanu da sandunan tagulla da wani farin ƙyalle mai suna tugudu suna nasu hawan, haƙƙin aure kuma yana sama da duka. Wanda ya sayar da abin hawan sama don ya sayi abinci ya ji kunya. Da kuɗin Bature suka zo suka zama mudu ɗaya da ke auna komai, sai dattawan Tibi suka yi ta tsine musu. Daga baya Jane Guyer, wadda ta yi aiki a ƙasar Yarabawa da Kamaru, ta nuna cewa hawan ba katanga ba ne, mutanen Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin kuɗaɗe iri-iri, kuma ribarsu tana fitowa ne daidai wurin da ake tsallakawa daga wani ma'auni zuwa wani. Wanda ya taɓa kallon 'yar awo ta sayi buhu ta sayar da mudu, ta san yadda za ta tsayar da tozon mudun da inda za ta yi gyara, ya ga abin da Guyer ke nufi.

Misalin da ya fi kusa yana cikin ɗakunan mata. Mace za ta aurar da 'yarta, ƙawa ko ƙanwa ta zauna da littafi tana rubuta gudummawa: wance dubu biyu da turmin atamfa, wance dubu biyar, wance kwalla. Littafin yana nan a ƙasan akwati shekara da shekaru, ranar da bikin ɗaya daga cikinsu ya taso a ɗauko shi a duba, a mayar da abin da ta kawo, a bisa al'ada ma a ɗora wani abu a kai. Babu wanda zai kira wannan bashi a bainar jama'a, amma wadda ta ƙi mayarwa ta san abin da za a faɗa a kanta. Bafaranshen nan Marcel Mauss ya yi bayanin irin wannan a 1925, cewa kyauta tana ɗauke da wajibai uku, bayarwa da karɓa da ramawa, kuma da ita ake ɗaure zumunci. Hauhawar farashi ta shiga har cikin wannan littafi. Dubu biyun da aka kawo a 2019 ta sayi abin da dubu biyar ba za ta saya ba yau, to wadda za ta rama lambar za ta bi ko darajar? Haka abin yake a adashi, mai kwasar farko ta ci, mai kwasar ƙarshe ta karɓi lamba cikakkiya da daraja ragaggiya, ba tare da uwar adashi ta ci amanar kowa ba.

Shari'a ta riga ta tanadi wani mudun na daban. Nisabin zakka dinari ashirin ne, mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari, diyyar rai dinari dubu, shi ya sa malamai da hukumomin zakka suke sabunta adadinsu da Naira lokaci zuwa lokaci bisa farashin zinariya. Haramcin riba da bambancin da ake yi tsakanin kuɗin halal da na haram, ko cewa wasu kuɗi ba su da albarka, duk suna nuna cewa a wurin jama'a asalin kuɗi yana bin su, ko da banki bai san da wannan ba.

Lokacin da gona ta zama haja

Karl Polanyi, wanda masana al'adu suka fi jingina da shi a wannan babi, ya yi hujja a 1944 cewa a mafi yawan tarihin ɗan Adam kasuwa tana zaune ne a cikin al'umma, addini da zumunta da sarauta suna yi mata linzami. Sabon abin da ya faru a Ingila a ƙarni na 19 shi ne yunƙurin juya lamarin, al'umma ta koma bin dokar kasuwa. Ya ce ƙasa, wato gona da fili, da ƙarfin mutum da kuɗi ba don sayarwa aka samar da su ba, kuma duk inda aka sake su ga kasuwa ba linzami jama'a sukan tashi neman kariya.

Aikin Abner Cohen a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, a farkon shekarun 1960 ya nuna kasuwar da ke cikin al'umma. Shanu suna zuwa daga arewa, mai gida ya sauki falke ya ciyar da shi, dillalansa su sayar wa mahautan Yarabawa bashi, shi kuma ya tsaya a matsayin lamuni, duk ba takarda ba kotu. Abin da ke riƙe da dukiya mai yawa haka shi ne mutunci da zaman unguwa ɗaya da ɗariƙar Tijjaniyya. Ɗaya fuskar kuma ta bayyana a Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato. An gina dam a kan Gulbin Sakkwato a shekarun 1970 don noman rani na zamani, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, fadamun da ke ƙasa da dam suka rasa ambaliyar da suke noma da ita, aka yi ta jayayya kan diyya, har a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu zanga-zanga wuta aka rasa rayuka. A takardar masu tsara aikin gona eka ce mai farashi, a wurin manomin kuwa gado ce da kushewar iyaye da abin da zai bar wa 'ya'ya.

Sai dai akwai gargaɗi daga cikin fannin kansa ga masu ɗaukar zaman dā a matsayin zaman daidaito. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta tarar da tazara mai faɗi a cikin ƙauye ɗaya: masu hali suna ajiye hatsi su sayar da bazara, marasa hali suna sayarwa da kaka, su ci bashi, su jinginar da gona, su yi ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasu ke bukatar noma. Zumunci da ubangida suna ba da kariya, amma sukan zo da biyayyar da ba a iya musu a cikinta, musamman ga mata da ƙanana.

Fatar jar akuya da matakalar kuɗaɗe

Jar akuyar Sakkwato tana da fatar da ta yi suna a duniya. Ƙarnoni da dama majema suna jeme ta da bagaruwa, ayari ya ƙetara Sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin Arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko, su yi bangon littattafai masu tsada da ita. Ko sunan bai dawo wa mai ita ba. Yau ma ana fitar da fatar da yawa zuwa Italiya ko Sifen, a ɗinka jaka ko takalmi, a manna suna, kuma kaso mafi tsoka na farashin ƙarshe yana zama ne a wurin ƙira da suna da shago. Irin wannan bin sawun haja ɗaya daga tushe zuwa mai saye shi ne abin da Sidney Mintz ya yi da sukari a 1985, inda ya haɗa gumin bayi a gonakin rake na Karibiyan da shayin ma'aikatan masana'antun Ingila. Hujjar wannan ɓangare, wadda Walter Rodney da Samir Amin suka yi ta wata fuskar, ita ce arzikin wasu ƙasashe da talaucin wasu tarihi ɗaya ne ya haife su.

Su ma kuɗaɗen ƙasashe hawa-hawa ne. Tun taron Bretton Woods na 1944, wanda ya tsara harkar kuɗi tsakanin ƙasashe, Dala ke saman matakala, kuma ko bayan da Amurka ta raba ta da zinariya a 1971 fiye da rabin ajiyar manyan bankunan duniya da ita ake yi, da ita ake cinikin mai da alkama da taki. Amurka tana cin bashi da kuɗin da ita ke bugawa, Nijeriya kuwa in ta ci bashin waje sai ta nemo Dala kafin ta biya, don haka duk faɗuwar Naira ƙarin nauyi ne. A Asusun Ba da Lamuni na Duniya manyan shawarwari suna bukatar kashi 85 cikin ɗari na ƙuri'u, Amurka ita kaɗai tana da fiye da 16, wato in ta ƙi shawarar ba za ta wuce ba. A farkon shekarun 1980 Naira ta fi Dala daraja a farashin gwamnati, shirin gyaran tattalin arziki na Janar Ibrahim Babangida a 1986 ne ya fara karya ta. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Faris ta yafe wa Nijeriya kusan Dala biliyan 18, ita kuma ta biya kusan biliyan 12. Mutumin Illela yana ganin wannan matakala da idonsa, domin Sefar da ke hannun maƙwabcinsa na Birnin Ƙonni a ɗaure take da Yuro a kan Sefa 655.957 Yuro ɗaya, abin da ke ba ta kwanciyar farashi, masu sukarta kuma suna cewa an sayi kwanciyar ne da 'yancin tsara manufar kuɗi.

Rahoton tazarar arziki na duniya na 2022 ya nuna kashi 10 cikin ɗari na mutanen duniya suna riƙe da kashi 76 na dukiya, rabin jama'a na ƙasa kuma kashi 2 kacal. Masu kare tsarin kasuwa suna amsawa da nasu alƙaluman, waɗanda su ma gaskiya ne: masu fama da matsanancin talauci sun ragu daga kusan biliyan 2 a 1990 zuwa wajen miliyan 700 kafin annobar korona, Sin kaɗai ta fitar da kusan miliyan 800 cikin wajen shekara arba'in, Koriya ta Kudu da Biyetnam sun taso ta hanyar sayar wa duniya kaya. Suna ƙarawa da cewa satar dukiyar mai da rashin wutar lantarki da rashin tsaro a cikin gida aka haife su. Ɗaya ɓangaren yana mayar da martani cewa ƙasashen Asiyan nan ba su saki kasuwa sakaka ba, gwamnatocinsu sun raba gonaki, sun kare masana'antu, sun riƙe linzamin kuɗi. Inda hujjojin biyu suka fi haɗuwa shi ne tazara tsakanin ƙasashe ta ɗan ragu saboda tasowar Asiya, ta cikin ƙasashe da yawa ta ƙaru, kuma matsanancin talauci yana ƙara tattaruwa a Afirka kudu da Sahara.

Abin da ke isowa ƙofar gida

Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta sa 'yan Nijeriya miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa, Jihar Sakkwato ce a gaba da kusan kashi 91 cikin ɗari. Ma'aunin ya dubi makaranta da asibiti da ruwa da makamashin girki da tsaro, saboda haka ba ya ƙirga garken da ke daji ko zumuncin da ke ciyar da mutum, amma yana nuna wanda ba shi da abin tare guguwa idan ta taso.

Faɗuwar kuɗi tana raba asara ne gwargwadon abin da mutum ke riƙe da shi. Mai fili da gida da Dala da hatsi a sito dukiyarsa tana hawa tare da farashi, mai albashi da ɗan fansho da mai ajiya a asusu ko a ƙarƙashin katifa su ke biya, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a 2024 bai shafi mafi yawan mutanen jihar ba tunda ba albashi suke ci ba. Manomin albasa a Goronyo ko Gada yana sayen fetur na injin ban-ruwa da taki da maganin feshi a farashin da ke bin Dala, ya sayar a farashin da ke bin yawan albasar da ta shigo kasuwa a makon, in kuma ya zuba ta a rudu yana jiran tsada wani kaso ya ruɓe.

Tura jama'a zuwa ciniki ta waya yana rage haɗarin ɗaukar tsaba a hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba, yana kuma sauƙaƙa wa ɗan cin rani aiko da kuɗi gida. A gefe guda kowace taransifa tana da caji, tana bukatar waya da sabis da lambar shaida, kuma matar da ke sana'a a cikin gida ta hannun 'yar talla takan koma dogaro da asusun miji ko ɗa, abin da ke taɓa sirrin dukiyarta wadda shari'a da al'ada suka ba ta ita kaɗai. Kan tallafin kuɗi da gwamnati ke turawa, James Ferguson, bisa abin da ya gani a kudancin Afirka, yana ganin ya kamata a ɗauke shi a matsayin rabon da ɗan ƙasa ke da haƙƙi a kai a zamanin da aikin albashi ba zai ishi kowa ba, ra'ayin da ke kusa da yadda ake fahimtar zakka a matsayin haƙƙin matalauci a cikin dukiyar mawadaci. Masu suka suna nuna cewa hauhawar farashi tana cinye tallafin kafin ya iso, kuma jerin sunayen masu karɓa yakan bi hannun 'yan siyasa. A halin da ake ciki gidaje da yawa sun koma ajiya a tunkiya da buhun gero da 'yan kunnen zinariya, wasu masu adashi kuma sun gajarta zagayensu ko sun mayar da zubin ya zama na kaya, kamar shinkafa da man girki da atamfa.